Ranar da Na Wanke Faifan Japanawa da Toka

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga kai. Sai in yi ta neman carbina alhali yana rataye a wuyana. Amma ko da zan manta komai, abin da ya faru tsakanina da jikokina a kan wani katun na Japanawa ba zai fita daga raina ba har ranar da za a rufe ni. Ni ban yi boko ba, ban san rubutu ba in ban da ɗan abin da nake sallah da shi. Takwarata ce, 'yar ɗana na fari, take riƙe da biro yanzu, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

A Roni muke, gidanmu yana can gefen gari ta wajen duwatsu. Tun ina budurwa aka san ni da tatsuniya. A bakin kakata na ɗauka, ita ma a bakin tata kakar ta ɗauka. Da Allah Ya ba ni jikoki, ba sai na kira kowa ba. Da an ci tuwo an wanke hannu, sai in ga tabarmata ta cika, har da 'ya'yan maƙwabta. Ba ni da gona mai girma, ba ni da shanu. Wannan tabarmar ita ce dukiyata.

Ana nan, sai ɗana na fari, wanda yake ɗinki a Kazaure, kullum ya tafi a babur ya dawo a babur, ya shigo mana da talabijin da na'urar sa faifan sidi da ɗan ƙaramin injin wuta. Ya haɗo da wasu faifai guda shida a cikin leda. Ya ce wanda ya samu a wurinsa ya gaya masa tsohon katun ne, tun shekaru da yawa yaran ƙasar Japan suka kalle shi suka girma. Duk ranar da ya dawo da fetur sai a tayar da injin, a sa wa yara su kalli kaɗan.

Cikin mako guda tabarmata ta zama kango.

Babban jikana namiji, yayan takwarata, lokacin yana aji shida na firamare. Maigida nake ce masa, irin wasan kaka da jika. Wata rana ya zo wucewa da gudu na tare shi.

"Maigida, yanzu an daina leƙa ɗakin tsohuwar mata?"

"Iya, naki ai duk mun haddace," in ji shi. "Kullum kura ce take shan wuya. Wannan kuwa har wuta takobi yake fitarwa."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen gero.

Na ce ba zan kalla ba. Na kuwa yi kwana biyu ban kalla ba. A rana ta uku na ɗauki ƙwaryar gyaɗa na zauna a bakin ƙofar ɗakin, wai iska na zo sha, na juya musu rabin baya ina ɓara. Idon mutum kuwa ba ya jin magana. Kafin gyaɗar ta ƙare na juyo gaba ɗaya.

Labarin wata yarinya ce 'yar maƙeri, mai manyan idanu kamar na mage da gashi shuɗi. Yaƙi ya ci garinsu, yayanta ya ɓace a cikin hayaƙi, sai ta ɗauki takobin ubanta ta fita nemansa. Aka nuna mata wani baƙin gida a kan dutse, aka ce a nan yayan yake, ta nufi can. Amma duk garin da ta shiga, sai wani dogon mutum mai fuskar ƙarfe ya tare mata hanya, su gwabza, ya kayar da ita, ya tafi. Ta warke, ta ƙara gaba, ya sake tare ta. Ba wanda yake jin abin da suke cewa. Japananci suke yi, ana rubuta Turanci a ƙasa, rubutun kuma yana gudu kamar an koro shi. Maigida ya ce yana karantawa, amma na lura duk lokacin da aka tambaye shi me aka ce, sai ya ce a yi shiru.

Su yaran takobi suke kallo. Ni kuwa hannu nake kallo, da zama, da yadda mutum yake tashi. Wanda ya shekara hamsin yana ba da labari ya san ba a sa abu a labari a banza. Ban gaya wa kowa ba, amma na fara jin ƙarar injin nan kamar yadda nake jin kiran cin abinci. Na so yarinyar nan kamar ni na goye ta.

Aka kalli faifai biyar, saura na shida, wanda ƙarshen labarin yake ciki. Ubansu ya ce sai Juma'a, in ya dawo da wuri. Ranar Alhamis da safe ina shara, sai na ga faifan a ƙasa kusa da tabarma. Wani daga cikin ƙananan ya ciro shi yana duba fuskarsa a ciki, ya zuba masa kunun gyaɗa, kunun ya bushe a gefen da yake ƙyalli. Na ce kai, gobe za a sa wannan a na'ura da ƙazanta haka? Na ɗauke shi na kai bakin murhu. Yadda na saba yi wa farantin silba da tasoshin ɗakina, haka na yi masa. Na ɗebi toka, na haɗa da ɗan rairayi mai laushi, na sa soso na dirje shi ciki da baya, na ɗauraye, na shanya shi a kan danga ya sha rana. Da ya bushe na goge shi da bakin zanena na mayar cikin leda, ina jin daɗi a raina na yi wa yara abin kirki.

Juma'a bayan la'asar ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Aka tayar da inji, aka sa faifai. Yarinyar ta fito tana hawan dutse, ta yi taku uku, sai fuskarta ta farfashe gida-gida, ta tsaya cak da baki a buɗe. Daga nan sai baƙi. Aka cire aka hura masa iska aka mayar, ko motsi. Ɗana ya ɗaga faifan ya duba shi a haske.

"Wa ya taɓa faifan nan?"

"Ni ce," na ce. "Kunu ya zube masa, na wanke."

"Da me, Iya?"

"Da toka mana. Da me ake wanke abu mai ƙyalli?"

Ɗana ya dafe kai, ya rasa ko dariya zai yi ko salati. Sai Maigida ya miƙe, idonsa ya kawo ruwa, ya nuna ni da yatsa.

"Da gangan ta yi! Don mun daina zuwa tatsuniyarta ne!"

Ubansa ya ɗaga hannu zai kwaɗa masa mari, na ce kul, kada ya taɓa shi. Ba da gangan na yi ba, Allah shaida ne. Amma yaron bai yi ƙarya duka ba, domin na san akwai ranakun da na yi fatan injin nan ya lalace. Abin da ya fi yi mini ciwo ba maganarsa ba ce. Takwarata ce, tana da shekara takwas lokacin, ɗakina take kwana tun da aka yaye ta. Ta dube ni kawai, ta ɗauki mayafinta daga ɗakina ta koma ɗakin uwarta.

Ɗana ya zagaye Kazaure bai samu irin faifan ba. Ya ba wani mai zuwa Kano sallahu, shi ma ya dawo hannu biyu. Kwana shida yaran nan suna gaishe ni daga nesa, gaisuwar da ake yi wa baƙo.

Alhamis ta zagayo, ranar da ba makarantar allo. Da rana tsaka, sun dawo daga boko, na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida na aika a kira su. Suka zo suna jan ƙafa, don ubansu ya hana su ƙin kirana.

"Na ɓata muku ƙarshen labari," na ce. "Ku zauna in mayar muku da shi."

"Da rana?"

Takwarata ce ta faɗa, kuma in ban da gaisuwa, ita ce maganar farko da ta yi mini a cikin kwana shida. Ta san dokar, don ni na koya mata. A gidanmu ba a yin tatsuniya da rana. Kakata ta ce wanda ya yi, wata rana zai ɓata a hanyar da ya sani. In kuwa dole ta kama, sai a zaro ciyawa guda daga jinkar ɗaki a ƙulla ta, a ɗaure tatsuniyar a ciki kada ta bi mutum. Ni ban taɓa yi ba tunda nake. Ranar na tashi na zaro ciyawa daga jinkar rumbu, na ƙulla ta a gabansu, na ajiye a kan tabarma. Da suka ga haka suka san ba wasa na kira su ba.

Na fara tun daga ranar da wuta ta ci garin maƙerin. Na ba yarinyar magana a bakinta, na ba mai fuskar ƙarfe tasa, da Hausa, yadda za su ji. Na ga ƙananan suna matsowa. Da na kawo ta kan dutsen, sai na ce sun yi faɗa tun hantsi har rana ta yi sanyi, ba wanda ya kayar da wani, duka biyu suka zube don gajiya. Yarinyar ta ajiye takobi, ta hura wuta ta dafa ɗan romo a kwanon da take yawo da shi, ta sha, sannan ta miƙa wa abokin gabarta saura. Ya karɓa. Kafin ya kai baki, sai ya juya kwanon a tafin hannunsa sau biyu. Nan ta gane shi. Yayanta ne.

"Ƙarya ne!" Maigida ya daka tsalle. "Kashe shi za ta yi! Shi ne mugun!"

"Zauna, Maigida. Sau nawa ya kayar da ita?"

"Sau bakwai."

"Ya taɓa yi mata rauni a inda ba ya warkewa? Mutumin da yake son ranka ba zai same ka a ƙasa sau bakwai ya juya ya tafi ba. Hana ta zuwa gidan can yake yi, don ya san abin da ke ciki. Sannan ku tuna faifai na farko, da suna cin abinci a gidan maƙerin. Yaya uban ya yi da kwanonsa kafin ya sha?"

Ba wanda ya tuna.

"Ya juya shi sau biyu. Yarinyar ma haka take yi duk inda ta zauna. A faifai na huɗu, da aka nuna mai fuskar ƙarfe shi kaɗai a bakin rafi, kuna ta surutu kuna cewa a wuce wurin ba faɗa, ni na ga hannunsa. Mutum yana iya rufe fuskarsa, amma yadda aka koya masa riƙe kwano a gidan ubansa ba ya ɓoyuwa. Kai kanka da hagu kake tallafe ƙwarya ta ƙasa, kamar kakanka da ba ka taɓa gani ba."

Ya dubi hannunsa, ya ɓoye shi a baya. Amma taurin kai ya gada, ni na san daga inda.

"In aka samu faifan aka ga ba haka ba ne fa?"

Nan bakina ya riga hankalina. Na ɗaga ciyawar nan na ce, "In aka samu ƙarshen aka ga ba yayanta ba ne, daga ranar na rufe bakina da tatsuniya har in mutu. Ku ne shaida." Na kai ciyawar ɗaki na sa a cikin wani gwangwanin turare, na tura ƙarƙashin gado.

Ranar takwarata ta dawo da mayafinta ɗakina. Tabarmata ta fara cika kuma, ko da yake ba kamar da ba, don talabijin bai tafi ko'ina ba. Muka raba yaran ni da shi. Shekaru suka yi ta tafiya, waɗancan suka girma, wasu ƙanana suka taso suka maye gurbinsu. Kowa ya manta da maganar, in ban da mutum biyu.

Shekarar da ta wuce ta can, washegarin Babbar Sallah, gida ya cika da 'ya'ya da jikoki. Maigida ya zama malamin makaranta a Gwiwa, ya yi aure har da ɗiya. Ya shigo ɗakina da hantsi ya durƙusa ya gaishe ni, sai na ga yana murmushi irin na wanda ya ɓoye abu a aljihu.

"Iya, na samo shi."

"Ka samo me?"

"Ƙarshen. Yana cikin wayar nan. Wata uku ina nema, don ko sunan katun ɗin ban sani ba, sai da na yi ta kwatanta wa mutane. Wallahi ban kalla ba, na ce sai a gabanki." Sannan ya rage murya. "Amma in kin ce a bari, a bari. Yarinta ce ta sa na ja da ke. Ba wanda zai riƙe ki da maganar."

Ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi. Na dubi tsakar gida, ga ƙananan jikokina can suna wasa, ga 'yarsa da ta fara koyon cewa in ba ta labari. Ni mace ce da ban taɓa faɗin magana a gaban shaidu na janye ba, kuma na san in abin ya zo saɓanin yadda na ce, zan cika alkawari ko da zai kashe ni. Me na sani game da Japanawa? Ko Kano sau uku na taɓa zuwa. Wataƙila su a wurinsu kowa ma haka yake juya kwano.

Na ce, "Maigida, ashe har yanzu tsoron matarka kake ji? Je ka shimfiɗa tabarma."

Bayan la'asar aka haɗa wayar da talabijin, aka fito da shi gindin darbejiya. Waɗanda suke yara a wancan lokaci suka zo da nasu yaran a cinya. Ɗana ya jawo kujera. Na fito da gwangwanin turaren na ajiye a gabana.

Ga yarinyata nan, ba ta tsufa ko da kwana ɗaya ba, tana hawan dutsen daga daidai inda tokata ta tsayar da ita. Mai fuskar ƙarfe ya fito. Suka gwabza, ƙasa tana tsagewa, yara suna ihu. Can sai ta kayar da shi. Ta tsaya a kansa, ta ɗaga takobi sama da hannu biyu. Ni ban faɗi haka ba a nawa labarin. Na ji takwarata ta kama hannuna ta matse. Maigida ya sunkuyar da kai, shi da ya shekara goma sha wani abu yana son a kashe mutumin nan, ranar ya ƙi ya kalla.

Takobin bai sauka ba. Ruwa ya goce musu kamar da bakin ƙwarya, ta yar da takobin ta zauna a ƙasa tana haki. Ta jawo kwanonta ta tara ruwan sama, ta sha, ta dubi mutumin da ke kwance yana numfashi da ƙyar. Ta tura masa kwanon. Ya tashi zaune, ya ɗauka da hannu biyu.

Ya juya shi. Ɗaya. Biyu.

Surukata, uwar Maigida, ita ce ta fara rangaɗa guɗa, kafin ma ya cire ƙarfen daga fuskarsa. Gida ya ɗauka. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga suna tambaya ko haihuwa aka yi. Ɗana yana dariya har da hawaye yana cewa, "Iya ta riga Japanawa!" Maigida ya taso ya cire hularsa ya ajiye a kan ƙafata, ya durƙusa.

"Iya, na tuba. Tun ina aji shida kika kayar da ni, yau na faɗi."

"Romo na ce, ruwan sama suka sa," na ce masa. "Ka ga ba duka na ci ba."

Ashe da saura. Bayan sun rungume juna sun yi kuka, sai yayan ya tashi, ya juya baya, ya bi wata hanya shi kaɗai, ita kuma ta tsaya tana ɗaga masa hannu. Rubutu ya fara hawa, wai an gama. Na ce a tsaya. Wa ya taɓa ganin an sha wannan wahala an gano ɗan'uwa, sannan a bar shi ya tafi ko gida bai je ya gaida uwarsa ba? A nawa, gida ta kai shi, aka yanka rago, aka sake hura wutar maƙera. Maigida ya tambayi yara wanne ya fi, suka haɗa baki suka ce na Iya. Ban hana su ba, don gaskiya suka faɗa. Amma ina gaida waɗanda suka zana yarinyar nan, ko su waye, in suna raye. Sun san aikinsu. Ba su sa kwanon nan a banza ba, kuma sun yarda wani zai gani, ko da tsohuwa ce mai ɓarar gyaɗa a Roni.

Na buɗe gwangwanin don in kwance ƙullin ciyawar, tunda tatsuniyar ta ƙare. Ina taɓa ta ta marmashe a hannuna. Na hure garin a iska. Da aka ci tuwo ranar, tabarma uku aka haɗa ba su isa ba, kuma Maigida, da gemunsa, shi ya zauna a gaba ya ce a fara da ta kura.

Abin da na koya shi ne, da farko na ɗauki akwatin nan abokin gaba ne da ya zo ƙwace mini jikoki, ashe wasu masu ba da labari ne irina, daga wata ƙasa mai nisa, da nasu kayan aikin. Da na ci gaba da juya masa baya, da na rasa yaran, na kuma rasa yarinya mai shuɗin gashi. Sannan na gane abin da kakata ta zuba mini a kunne ilimi ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba, kuma yana aiki har a harshen da ban ji. Ku da kuke da tsofaffi a gida, ku matsa musu wuri su zauna a kalla tare, kuna kallon takobi suna kallon hannu. Faifai dai, in kun ga kunu ya zube masa, kada ku bar shi kusa da murhu.